Wutar da ke cikin bargo

Shekaranjiya da dare wajen sha ɗaya wuta ta ɗauke a unguwarmu, gida ya yi duhu ƙirin. Ƙaramar ɗiyata ɗakin Inna take kwana, to ta tashi za ta zagaya, tana yaye bargon nan mai hoton damisa da na sayo musu a babbar kasuwa sai ga wasu ƴan tartsatsi shuɗaye suna ƙyas ƙyas tsakanin bargon da rigarta. Yarinya ta ƙwalla ƙara, Inna ta tashi zaune tana a'uziyya.

"Kai, taso ka duba yarinyar nan, wallahi wuta na gani a jikinta."

Na ce "Inna ki kwantar da hankalinki, ba komi ba ne, hunturu ne."

"Hunturun ne ke hura wuta cikin bargo? Ni za ka raina ma wayau?"

Gaskiyarta kuma, amsar tawa ba ta cika ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wanga abu a kan lantarkin da ke taruwa a jikin mutum da kaya, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne, duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu sai ka ji wani na cewa ƙofar mota ta ja shi, wata ta ce hijabinta na manne mata a jiki yana ƙara, wani ma ya ce ai shi jininsa ne ke da kuran, wato lantarki.

Duk wanda ya yi lakwal ya tuna wasan nan na goga bik a gashin kai a ɗauki ƴan guntayen takarda da shi. Mu dai lokacinmu wasa muka ɗauke shi, mushe, wato malami, na can yana bayani mu muna gasar wa zai ɗauki takarda mafi girma. To abin da ke faruwa shi ne, kowane abu a duniya, kai da bargo da bik, an gina shi da ƙwayoyin zarra, cikin kowace ƙwaya akwai furoton masu cajin ƙari (+) da ke zaune daram a tsakiya, da ilektaron masu cajin ragi (−) da ke kewaye. In adadinsu ya zo daidai shiru kake ji. Furoton ba su zuwa ko'ina, ilektaron su ne masu yawo. Da abubuwa biyu daban sun haɗu sun rabu sai wasu ilektaron su bar ɗaya su liƙe ma ɗayan, kamar yadda kake ratsa gona bayan damina ka fito ƙafar wandonka cike da ƙarangiya. Ba kai ka halicci ƙarangiyar ba, daga jikin ciyawa ta dawo jikinka. Haka gugar ba ta ƙirƙirar lantarki, wuri kawai take sauya mishi, wanda ya rasa ya zama mai ƙari, wanda ya samu ya zama mai ragi, in ka haɗa lissafin su biyu sifiri ne kamar farko. Ita gugar amfaninta kawai ta sa wurare da yawa su taɓa juna.

Kuma abubuwa halinsu ya bambanta. Gashi da busasshiyar fata da gilashi da nailan masu sakin hannu ne, da sauri suke bayarwa. Leda da roba da yadin foliyesta kuwa makwaɗaita ne, karɓa suke. Auduga tana tsaka-tsaki, shi ya sa gwadon saƙi irin na kakanninmu ba ka jin ya yi wanga tsiya, sai waɗanga barguna masu laushi na zamani da rabinsu roba ne.

To me ya sa sai da hunturu? Nan ne amsar Inna take. Da damina iska na da danshi, kowane abu akwai wani ɗan siririn laima a jikinsa da ido ba ya gani, ta nan cajin ke zurarewa a hankali ya bi ƙasa tun bai taru ba. Amma in iskar Sahara ta taso, wagga da ke fasa mana leɓe ta sa kaushi ya buɗe, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, babu hanyar zurarewa. Ga ka kuma da takalmin roba wanda ya raba ka da ƙasa. Sai cajin ya yi ta taruwa a jikinka kana tafe ba ka sani ba, ka zame daga kujerar mota ya ƙaru, ka tuɓe rigar sanyi ya ƙaru, har ka kai hannu ga ƙarfe. Ƙarfe kuwa ilektaron na gudu cikinsa ba shamaki, tun kafin yatsanka ya taɓa sai su tsallaka ta cikin iska gaba ɗaya, tas!

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Kafin busasshiyar iska ta bari wuta ta ratsa ta sai an samu kamar bolt 3,000 a kowace milimita guda, bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki. Ma'ana ɗan tartsatsin nan da ka gani tsakanin yatsanka da ƙofa dubban bolt ne, alhali kuran ɗin gida da muke tsoro 220 ne kacal. Me ya hana shi kashe mu? Yawan cajin ne ɗan mitsitsi, kuma kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Ɗigon ruwa guda ne ya faɗo maka daga saman shato, dogon tankin ruwan nan, ya taho daga nesa amma ɗigo ne. Kuran na gida ko Gulbin Maradi ne cikin Agusta, ba tsawo gare shi ba amma ba ya yankewa, in ya kama ka ja zai yi ta yi.

Akwai kuma wata hanya da caji ke aiki ba tare da an taɓa ba, ita ce ta takarda da bik. Takardar ba ta da wani caji, amma da bik mai ragi ya matso sai ya ɗan tura ilektaron na takardar su ja baya, gefen da ke kusa ya koma mai ƙari, to da yake iri ɗaya korar juna suke, iri daban kuma jan juna, sai takarda ta yi tsalle. Ku gwada da famfo, ku buɗe shi siriri kamar zare ku matso da matajin roba da kuka goga a kai, za ku ga ruwan ya lanƙwaso.

Abin tsoho ne ƙwarai. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa ana danganta ma wani masanin Girka, Thales, lura da cewa in an goga wani irin ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse yana jan ƙananan abubuwa. Sunan ƙaron a Girkanci elektron, daga nan kalmar lantarki a bakin Turawa ta samo asali, William Gilbert likitan sarauniyar Ingila ne ya shigar da ita cikin littafinsa a 1600. A 1733 Bafaranshe du Fay ya gano cajin iri biyu ne, Benjamin Franklin na Amurka ya sa musu ƙari da ragi, shi kansa ilektaron ɗin sai 1897 J.J. Thomson ya gano shi. Wato an yi shekara sama da dubu biyu ana ganin abin ba a san mai yin sa ba, don haka ni ban ga laifin Inna ba.

Walƙiya ma yayar wanga tartsatsi ce. Can cikin hadari ƴan ƙanƙara ke karo da juna iska na sama da ƙasa da su, gindin girgije ya tara ragi, ƙasa ta amsa da ƙari kamar dai takardar nan, in abin ya kai maƙura sai ya tsallako. Iskar da ta bi takan yi zafin digiri kusan 30,000, faɗaɗar da take yi farat ɗaya ita ce tsawa. In ka ga walƙiya ka ƙirga, kowane daƙiƙa uku kafin ƙarar kilomita guda ne tsakaninku.

Inda abin ya daina zama wasa shi ne wajen mai. Mu nan Maradi ba sai an faɗa ba, kowane lungu akwai mai tebur da kwalabe da bido, ana juye mai da tiyo da mazurari. Shi mai in yana gudu cikin tiyon roba caji yake tarawa da kansa, tururinsa kuma ko tartsatsin yatsa ya ishe shi kamawa. Shi ya sa motar tanki kafin ta sauke kaya ake ɗaura mata waya zuwa ƙasa. In za a cika maka bido sauke shi ƙasa, kar a cika shi kan babur ko bayan mota, bakin tiyon ya taɓa bakin bidon, in ka fito daga mota kuma ka fara dafa ƙarfen jikinta nesa da bakin tanki. Na sha gaya ma wani ƙanen abokina mai wanga sana'a, amsarsa kullum "Yaya ai shekara nawa muna yi." Masu gyaran waya ma haka, caji ƙasa da bolt 100 wanda ba za ka ma ji shi ba yana iya kashe wani abu a cikin allon waya, a yi ta zargin mai ita ya jefa ta ruwa.

Da safe dai na ɗauko bik na goga a kan ɗiyar tawa, na yayyaga takarda a kan tabarma gaban Inna, guntaye suka yi ta tsalle. Ta kalla, ta kalla, ta karɓa ta gwada da kanta har sau biyu. Sai ta ce ta ji, amma duk da haka a shafa ma yarinya man kaɗe kafin ta kwanta, kuma a fiddo mata gwadonta daga cikin adaka, bargon damisar in kai ɗakina.