Garayar da ta zo daga Maroko

Yau bayan la'asar ina zaune a ƙofar gidanmu a Jekadafari, ina bin jerin ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa da za su yi wasa a bikin SXSW, wanda ake yi a Austin ta Amurka a watan Maris tun 1987. Da yawansu ba kamfani a bayansu, su ke rubuta waƙa, su ɗauki sauti a ɗakinsu, su ɗora a YouTube. Na saurari wasu 'yan Koriya, na wuce wasu 'yan Brazil. Sai na faɗa kan wasu samari daga Maroko, ɗaya yana kaɗa gimbiri, mai tsirkiya uku da fatar raƙumi a jikinsa, jita na biye da shi a hankali.

Baba yana kan tabarma yana yankan farce, sai ya ɗago kai. "Kai, ƙaro min muryar nan. Wa ke kaɗa garaya haka?" Na ce, "Baba, 'yan Maroko ne, kiɗan Gnawa suke zamanantarwa." Ya karɓi wayar ya kara a kunne, yatsansa na buga gwiwa har waƙar ta ƙare. Su Gnawa zuriyar mutanen da aka tsallaka Sahara da su ne daga yankinmu, shi ya sa kunnensa ya gane abin kafin nawa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ba ni da kuɗin zuwa Austin, amma gobe zan sake kunna masa ita bayan magariba.