Na Je Daura Neman Shamuwa, Na Tarar Ta Yi Gaba

Duk daminar bana aiki bai bar ni na leƙa ƙauye ba, sai a watan Oktoba na samu kwana uku na ce bari in je wajen kawuna can gaba da Daura kafin a gama kwashe amfanin gona. Gaskiya dai ba gaisuwa kaɗai ta kai ni ba. Akwai wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gidan da shamuwa ke yin sheƙa a kanta tun muna yara, ni kuma na yi sabuwar waya mai kyamara, na ƙwallafa rai sai na ɗauko hotonsu na sa a Facebook.

Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ba wata tafiya ba ce, amma in aka cusa ku huɗu a bayan Golf ga buhu a kan cinya sai ka ji kamar Legas za ka. Ni dai na samu gefen taga. Tun kafin Mashi ka san kaka ta yi, gero an girbe shi ga dammuna nan jingine ana jiran amalanke, dawa ce kawai ke tsaye kanta ya yi nauyi ya sunkuya, mata da yara kuma sun duƙa cikin wake suna roro. A Mashi na sayi dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, har da ƙasa-ƙasa a ɓawon, ita na yi ta ɓarewa har muka wuce Shargalle.

Abin da na fi kallo a hanya gawo ne. Duk itacen duniya yana fara kaɗe ganye, ciyawa ta koma ruwan ƙasa, shi kuwa gogan yanzu ne yake tofo, ya yi shar abinsa. Duk damina tsirara yake yi ba ganye ko ɗaya, shi ya sa ake ce mashi ya ƙi ruwan Allah. Manomi kuwa ba ya wasa da shi, don ba ya yi wa shuka inuwa lokacin da take son rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma tumaki da awaki har rububi suke da rani. Ka duba geron da ke gindin gawo ka duba na nesa da shi, ba sai an faɗa maka ba.

Daga Daura babur na hau. Ina sauka ko jaka ban aje ba na ɗaga kai sama, sheƙuna na nan manya-manya na ƙirare, kashinsu ya yi fari fat a gindin tsamiyar, amma tsit. Kawu na zaune kan buzu yana kallona, sai da muka gama gaisawa ya ce, "Ai ka makara ɗan nan, sun kwana biyu da tashi. Shamuwa ba ta zama inda ruwa ya ɗauke." Taubashina kuwa me zai yi ba dariya ba, wai ɗan birni ya ƙona kuɗin mota don ya gaida tsuntsu bai same shi gida ba.

Abin ya ɗan sosa mani rai, ba zan ɓoye ba. Tsuntsuwar nan da bazara take zuwa gab da faɗuwar ruwa, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe cikin gari a tsakiyar mutane, ta yi ta cin fara a gonaki, ba mai jifanta don ko yaro ya san ba a taɓa ta. Ruwa na janyewa sai ta bi shi kudu, ta tsallaka har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe inda tasu daminar ke farawa lokacin da tamu ke ƙarewa. Wato ita ba ta san rani ba sam a rayuwarta, mu ta bar mu da shi.

Washegari bayan asuba na bi su gona. Raɓa ta jiƙa mani wando har gwiwa, ga wani ɗan sanyi-sanyi da ba na damina ba. Fakara biyu suka tashi fir daga gindin kalgo saura kaɗan in yar da wayar, hoton da na samu na sararin sama ne kawai. Kurege ya fi su kirki, ya tsaya da ƙafa biyu kan kunyar gyaɗa yana kallonmu kumatu cike, ɓarawo da kaya a baki amma ko kunya. Cilakowa na ta tsalle kan aduwa, belbelu sun bi shanun noma, can gefen fadama kuma garken janbaki ya taso kamar hayaƙi ya nufi dawar maƙwabci, yara suka bi su da gwangwani da ihu. Waɗannan kam ba abin sha'awa ba ne ga mai gona, in suka sauka a zangarniya sai dai ka girbe ƙaiƙayi. Na kuma ga tsattsewa jere kan wayar lantarki, na ce wa taubashina wasunsu daga Turai suke, sun ƙetaro Sahara gudun sanyin can, ya ce to su ma 'yan ci-rani ne ke nan.

Da azahar zafi ya buɗe irin na kaka mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Wajen la'asar sai ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Harawar wake na shanye a fili, na ce Kawu ko mu tattara? Ya ɗaga kai ya duba ya ce iska ce kawai, tunda shamuwa ta tafi an rufe. Ai bai gama rufe baki ba aka tsuge. Nan fa muka shiga gudu da rungumar harawa, ni da takalmin ofis ina zamewa cikin laka, don harawa in ta sha ruwa baƙi take yi, dabba ta ƙi ta, a kasuwa ma a taya ta da wulaƙanci. Mun tsira da fiye da rabi. Ruwan bai fi minti 20 ba ya ɗauke, ƙasa ta tashi da ƙamshi. Muna tsaye a rumfa muna ɗiga na ce, "Kawu, ya maganar shamuwa?" Ya matse hularsa ya ce wannan ai ba ruwa ba ne, bankwana ne.

Daren nan Inna ta gasa mana tumu, muka zauna tsakar gida ana ta yi wa Kawu tsiya a fakaice, wata bushiya ta fito daga ƙarƙashin rumbu yara suka taɓa ta da kara ta dunƙule. Sama ta washe tas, kaza da 'ya'yanta sun fito ta gabas.

Ranar da zan dawo na tashi na ji leɓena ya bushe, iska ta juyo daga arewa maso gabas, ga ɗan hazo siriri ya kwanta kan dawa. Kawu ya rako ni har bakin hanya yana nuna mani shi da sanda, bai ce komai ba amma na gane. Aka ɗaura mani wake da gyaɗa a bayan babur. A wayata akwai hoton kurege guda 14, da na sheƙar da ba kowa ciki.