Littafin da muka kai majalisa

Shekara biyu cur littattafan nan uku suka yi a saman durowar ɗakina. Magana Jari Ce ne, na ɗaya da na biyu da na uku. Na saye su wata Asabar a hannun wani mai baza littattafai a gefen titi a Kano, ranar da na fita sayen kayan makarantar yara. Muna 'yan makaranta labari biyu ko uku aka karanta mana daga ciki, sauran sai dai mu ji manya suna ambato. Na ƙudura a raina sai na karance su daga bango zuwa bango, in ji da kaina abin da ya sa aikin da Abubakar Imam ya yi a Zariya, aka fara buga shi tun 1937, har yau bai tsufa ba.

Kowace Juma'a da dare sai in dube su in ce gobe. Gobe ta yi, da hantsi akwai ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa, da azahar cefane, da la'asar ƙwallon Ingila, bayan isha'i majalisa. Lahadi kuma jiki ya mutu, ga guga, ga tunanin Litinin. Wuni guda nake jira wanda babu mai sallama da ni, in shimfiɗa tabarma in yi ta karatu har magariba. Magidanci a cikin unguwa ba ya samun irin wannan wunin, amma na daɗe ban yarda ba.

Da na gaji da kaina sai na ɗora wa majalisa laifi. Benci biyu ne a gefen teburin mai shayi, mu bakwai ko takwas, fiye da shekara goma muna zama. Hirar ba ta wuce farashin buhun masara, yaushe aka ɗauke wuta, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, wa ya samu ƙaruwa. Na lissafa awa biyu kowane dare, na ce ga inda lokacina yake zurarewa. Na ɗauke ƙafa mako uku.

A mako ukun nan shafi goma sha ɗaya na karanta. In na buɗe littafin, waya tana gefena, sai ta yi ƙara, in ce bari in duba saƙo ɗaya. Kafin in ɗago kai sha ɗaya ta wuce. Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne, a tsakanin nan aka kwantar da mahaifiyar maƙwabcina tela a asibiti, ban ji ba sai a kwana na huɗu. Da ina zama, a daren farko zan ji, don a cikin wannan hirar da na raina ake sanin wanda ba shi da lafiya, da wanda aka sallama daga aiki, da wanda ya kamata a haɗa masa gudummawa ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba. Kunyar da na ji ranar da na je dubiya har yanzu ban manta da ita ba.

Wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin firamare, shi ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, lafiya muka daina ganinka? Ko mun yi laifi ne?" Na ce, "Wallahi Baba ba ku yi komai ba, karatu nake so in yi." Ya tambayi littafin, na faɗa masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To ɗauko shi mana ka karanta mana. Mu ma idon ya yi rauni."

Maganarsa ta tuna mini da zauren da mahaifina yake ɗaukar karatu bayan asuba. Ina yaro nake riƙe masa buzu. Kowa da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala. In layi ya zo kanka ka karanta 'yan layuka, malam ya fassara, ya ce a tsaya nan, na gaba ya matso. Wani lokaci ko rabin shafi ba a yi. Amma 'yan kasuwa da masu sana'a, mutanen da ba su taɓa samun wuni guda na hutu ba, da haka suke sauke littafi bayan littafi, saboda rabon kowace rana kaɗan ne, kuma akwai wanda zai lura in ba ka zo ba.

Asabar ta gaba na sa littafi na ɗaya a aljihu. Na karanta a ƙarƙashin fitilar mai shayi, ana soya ƙwai, babura suna wucewa. A nan na gane karatun Hausa a fili wani aiki ne daban. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, gari na mutane da garin tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka kuka ta miya da kukan yaro. Mai karatu a zuci yana wucewa bai ankara ba, amma mai ɗaga murya dole ya hango ƙarshen jimla kafin ya furta farkonta. Na yi tuntuɓe sau da yawa, Baba yana gyara mini a hankali, yana kuma warware mana tsofaffin kalmomin sarauta da na yaƙi waɗanda mu ba mu taso da su ba.

Da muka zo inda aku yake riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, sai musu ya ɓarke. Tela ya ce ai wannan akun ya fi wasu fadawan amana. Wani ya ce dabara ce kawai, yaron aka yi wa wayo. Aka kwashe rabin awa ana ja, daga nan zance ya gangara kan tarbiyyar 'ya'ya, ya koma kan kuɗin makaranta. Ban tsayar da su ba. A gida, ni kaɗai, ban taɓa tsayawa na juya labari haka ba.

Na yi kuskure a mako na uku. Daɗi ya ɗebe ni na karanta labari uku a jere, ban lura an fara hamma ba. Washegari mutum biyu suka sha shayinsu a tsaye suka wuce. Baba ya ja ni gefe ya ce, "Malam, labari ɗaya ya isa. Ka bar su da marmari." Tun daga ranar muka tsaya a kan ɗaya, Asabar da Lahadi kawai, sauran darare na hira ne kamar da. Akwai kuma daren da siyasa take cinye komai, littafin ya koma gida a aljihu ba a buɗe shi ba, kuma na daina jin haushin hakan.

Gudun kada in yi ta tuntuɓe a gaban mutane ya sa na fara duba labarin tun da safe. In na dawo daga masallaci da asuba sai in bar waya a ɗaki, in zauna a tsakar gida minti goma sha biyar kafin yara su tashi. Da farko ranar Asabar kawai nake yi, yanzu kusan kullum ne, har na haɗa da wani littafin tarihi da shi ma ya daɗe yana shan ƙura.

Mun gama na ɗaya, muna tsakiyar na biyu. Asabar da ta wuce ruwa ya sauko ana cikin karatu, muka ja bencin ƙarƙashin rumfar mai shayi, ƙarar kwano ta danne muryata. Na rufe littafin zan mayar aljihu, sai yaron mai shayi, wanda ban taɓa zaton yana saurare ba, ya ajiye butar da ke hannunsa ya ce, "Baba, don Allah a ara mini na ɗayan, zan dawo da shi ranar Juma'a." Da ruwa ya tsagaita na shiga gida na ɗauko masa.