Kada Ka Tsuguna Ka Ba Ta Baya

Sati na uku ke nan da fara aikin sanin makamar aiki a wani gidan ajiye namun daji a nan Jos, lokacin ina aji uku a sashen nazarin dabbobi. Da sassafe ne, sanyin Disamba ya sa yatsuna sun ƙage. Na gama wanke kwatamin da ya bi ta gefen kejin zakuna, sai murfin bokiti ya faɗi, na juya na tsuguna zan ɗauka. Zakanyar nan tun zuwana kullum kwance take can ƙuryar keji, ko kallo mutane ba su ishe ta ba. Ban ji takunta ba ko kaɗan. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar ƙarfen da ta bangaza, sai hucin numfashi a ƙeyata. Da na waiwaya, ga fuskarta manne da waya, kunnuwa a kwance, tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba.

Dattijon da nake aiki a ƙarƙashinsa, wanda kowa ke kira Baba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaro, miƙe tsaye. A hankali." Sai da muka yi nisa ya ƙara da cewa, "In kana tsaye kai mutum ne, tana shakkarka. Da ka tsuguna ka ba ta baya, ɗan akuya ta gani."

Kafin wannan rana, abin da na yarda da shi shi ne abin da muka taso muna ji: wai akwai muguwar dabba, wadda in ta ɗanɗana jinin mutum ba ta ƙara son wani nama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an bar rabin labarin a baya. Zakuna biyun Tsabo da suka addabi leburorin shimfiɗa layin dogo a Kenya a 1898, Kanar Patterson da ya harbe su ya ce sun ci mutum 135. Binciken da aka yi a kan gashinsu da ƙashinsu a 2009 ya nuna wajen 35 ne. Ɗaya daga cikinsu na fama da ciwo a gindin fiƙarsa, kuma shekaru kaɗan kafin nan annobar bushiya, wadda ta ƙarar da shanun Fulani a nan ƙasarmu ma, ta kashe ɓauna da sauran abin farautarsu. Haka damisar Campawat ta ƙasashen Nepal da Indiya, wadda aka lissafa mata mutum 436 kafin a kashe ta a 1907: da aka buɗe bakinta, fiƙoƙinta na gefe guda a karye suke. Ruwa ba ya tsami banza.

Amma abin da ya fi canza mini tunani ba tsofaffin labaran nan ba ne, lissafin Tanzaniya ne. Wani masanin zakuna mai suna Craig Packer da abokan aikinsa sun bi ƙauye-ƙauye suna tattara bayani, suka wallafa a 2005 cewa daga 1990 zakuna sun kashe mutum 563 a ƙasar, sun jikkata 308. Yawancin zakunan nan lafiyarsu lau. Abin da ke kawo su shi ne aladen daji. Alade na shiga gona da dare ya yi ɓarna, manomi kuwa ba zai zuba ido a cinye masa abincin shekara ba, sai ya kafa 'yar bukka a tsakiyar gona ya riƙa kwana yana gadi. Zaki ya rasa gada da barewa a daji, ya biyo sawun alade har gona, ya tarar da mutum yana barci a bayan zana. Shi ya sa harin ya fi yawa a lokacin da amfanin gona ya nuna.

Har wata ma yana da hannu. Sun gano cewa an fi kai hari a kwanaki goman da ke biyo bayan cikar wata, tsakanin faɗuwar rana da wajen ƙarfe goma na dare. Da na karanta wannan sai na ajiye takardar na yi shiru, don duk wanda ya taɓa zaman ƙauye ya san waɗannan darare. A farin wata zaki ba ya samun sa'ar farauta, abin da yake bi yana hango shi, don haka yakan kwana da yunwa. Daga daren sha biyar wata ya fara makara wajen fitowa. Ana idar da Magariba duhu ya rufe, ga shi mutane ba su shige ɗaka ba: wannan na alwala, waccan na wanke-wanke a bayan ɗaki, yaro an aike shi maƙwabta, wani ya zagaya bayan gari ya tsuguna. Yunwar zaki da duhu da zirga-zirgar mutane sun haɗu a sa'o'i huɗu.

Daga nan na daina tambayar me ya sami dabbar. Na koma tambayar wane ne aka kama, a ina, da ƙarfe nawa, yana yin me, kuma me ya kai shi wurin.

Akwai inda muka yi saɓani da wani abokin karatuna, kuma har yau ban sauka daga ra'ayina ba. Ya kawo wani binciken 2016 a kan hare-haren da manyan namun daji ke kai wa mutane a Turai da Arewacin Amurka, wanda ya nuna kusan rabinsu ganganci ne na mutane: barin yara su kaɗai, yawo da kare ba igiya, bin dabbar da aka harba ta ji rauni, matsawa kusa da uwa mai 'ya'ya. Ya ce to ai shi ke nan, wayar da kai ne magani. Na ce a can ƙila haka ne, don mai yawon shan iska yana iya fasa fita. Amma matar da ke ɗibar ruwa a mashaya ɗaya kullum da asuba ta san akwai kada. Rijiya ce babu. Kada kuwa yana lura da wurin da ake yawan zuwa da lokacin da ake zuwa, ya laɓe yana jira. Mutanen yankin Mulanje na Malawi da kuraye suka kashe 27 daga cikinsu cikin shekara biyar tun daga tsakiyar shekarun 1950, zafi ne ya fitar da su kwana a waje, kamar yadda ake yi a Kano ko Sakkwato da bazara. Mu a Jos sanyi ya hutar da mu wannan. Kiran irin waɗannan mutane masu ganganci zalunci ne a wurina. Ƙofa mai ƙarfi, makewayi a cikin gida, famfon burtsatse da shingen gona sun fi musu lacca amfani.

A Najeriya zakunan daji sun kusa ƙarewa, 'yan kaɗan ne suka rage a Yankari da gandun tafkin Kainji. Shi ya sa garin nan ya ruɗe a Disambar 2015 da zaki ya kuɓuce daga gandun namun daji na Jos, har jami'an tsaro suka harbe shi. Wanda mutanen karkararmu suka fi gamuwa da shi kura ce da kada. Ita kura ta san gidan mai babbar sanda, ba kasafai take tunkarar ƙato a tsaye ba; yaro take nema, ko mai barci, ko mara lafiya. Abin da ke janyo ta bakin gari kuwa mu ne: mushen da aka yar, ƙashi da tumbin mahauta, jujin da ba a binnewa. Tana zuwa yau, ta zo gobe ba abin da ya same ta, sai tsoron mutum ya fita daga ranta.

Sabo ta kowane ɓangare yake ci. Baba ya fi shekara ashirin yana ba zakuna nama, amma ban taɓa ganin ya taɓa sakata ba tare da ya ƙirga su da yatsa ba, ya tabbatar kowanne na ɗakin da ya kamata, ya girgiza kwaɗo sau biyu. Na taɓa ce masa, "Baba, ai sun san ka." Ya ce, "Sun san ni, ɗana. Sun san ƙarfe nawa nake zuwa, sun san hannun da nake buɗe ƙofa da shi. Sabo turken wawa."

Ranar da aka fi cika a lokacin hutun Kirsimeti, aka tsayar da ni gaban kejin don lura da baƙi. Manya sun jeru suna ɗaukar hoto, suna tafi, suna kiran zakanyar, ko kunne ba ta kaɗa ba. Sai wani yaro da bai wuce shekara uku ba ya zame daga hannun uwarsa, ya ruga da gudu ta gefen shinge yana dariya. Na ga kanta ya sauka ƙasa, kafaɗunta sun taso, idonta ya bi shi taku bayan taku. Ba wanda ya lura sai ni. Na je na tare yaron, na ɗauke shi na miƙa wa uwar, na ce, "Hajiya, don Allah ki riƙe shi a kafaɗa har ku wuce nan."