Gobarar Montreux da Waƙar da Ta Haifa

Masu sauraron kiɗan rock sun saba tono ɓoyayyiyar ma'ana a cikin kowane baiti, amma waƙar "Smoke on the Water" ta ƙungiyar Deep Purple ba ta bar musu abin tonowa ba, domin rahoto ce tsantsa kan abin da mawaƙan suka gani da idanunsu.

A watan Disamba na 1971 suka isa garin Montreux na ƙasar Suwizalan da niyyar naɗar sabon faifai a gidan cacar garin, wanda ke da babban zauren kiɗa a bakin tafkin Geneva, kuma sun yi hayar motar ɗaukar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones. Ranar 4 ga wata, mawaƙin Amurka Frank Zappa yana tsakiyar wasa a zauren, sai wani ɗan kallo ya harba irin bindigar nan mai fitar da wuta da matuƙan jirgin ruwa ke neman agaji da ita, rufin ya kama. Ginin ya ƙone ƙurmus tare da kayan kiɗan Zappa, sai dai ba a rasa rai ba. Claude Nobs, wanda ya kafa bikin jazz na garin, yana cikin waɗanda suka yi ta fito da matasa, shi ya sa aka ambaci sunansa a waƙar. Hayaƙin da ya kwanta bisa ruwan tafkin kuwa, shi ne ya zama sunan waƙar, sunan da Roger Glover, mai kaɗa jitar bass na Deep Purple, ya ce ya farka daga barci da shi a bakinsa.

Ni dai baitin ƙarshe ya fi kama ni, wanda ba gobara a cikinsa, sai wahalar aiki. Sun fara naɗi a zauren Pavilion, maƙwabta suka koka da ƙara, 'yan sanda suka dakatar da su, suka ƙare a otal ɗin Grand wanda aka rufe saboda hunturu, inda suka jera kayan kiɗa a farfajiyar ɗakuna, suka toshe sauti da tsofaffin katifu. Ian Gillan, mawaƙin ƙungiyar, ya rera labarin otal ɗin ba tare da ado ba, kuma a ganina rashin adon ne ƙarfinta.

Su kansu ba su ɗauke ta da muhimmanci ba lokacin da faifan da suka naɗa, Machine Head, ya fito a 1972, sai a 1973 aka sake ta ita kaɗai a Amurka, ta kai matsayi na 4 a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard.