Albasa, kindirmo da madubin ɗakin gwaji

Ɗalibaina 'yan aji huɗu na sakandare za su zana maka ƙwayar halitta a allo tsaf, su ce wannan furokariyot ce, waccan yukariyot. Amma ka tambaye su wacce ke cikin bakinsu, sai aji ya yi tsit. Shi ya sa a zangon nan na ajiye alli, na sayo albasa da kindirmo, muka kakkaɓe wa madubin ganin ƙananan halittu ƙura.

Da albasa muka fara. Mun ɓare siririyar yanar da ke cikin kowane falle, muka shimfiɗa a gilashi, muka ɗiga aidin. Ga ƙwayoyin nan a jere kamar bulo a katanga, kowace da bangonta da ɗigo mai duhu a ciki. Ɗigon nan shi ne cibiya, inda DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ke killace cikin tantaninsa, kuma shi ne alamar yukariyot. Sannan kowa ya kankaro cikin kumatunsa da tsinken sakace, muka rina da shuɗin metilin. Su ma da cibiyarsu, amma ba bango, sai gefuna a lanƙwashe.

Kindirmon ne ya fi ba mu aiki. Idan aka lafta da kauri ba abin da za a gani sai fari fat. Dole a shafa shi sirit, a bari ya bushe, a gitta gilashin ta kan wuta kafin a rina. A ninki 400 sai ga 'yan sanduna da ɗige-ɗige a sarƙe.

"Malam, ina cibiyar?" in ji wani yaro, bai ɗago ido ba.

Babu ita. Bakteriya ce, wato furokariyot, ƙwaya marar cibiya: DNA ɗinta zobe ne a sake cikin ruwan jikinta, ba ta da maitokondiriya (sassan da ke samar wa ƙwaya kuzari), girmanta 'yan maikiromita kaɗan (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), alhali ƙwayar kumatu takan kai 50. Su ne ke juya sukarin madara ya zama tsami. Irin waɗannan bakteriya ne Leeuwenhoek, masanin ƙananan halittu ɗan ƙasar Holan, ya gani a daskararren dattin haƙoransa a 1683.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tambayar wata yarinya ce, wadda ake ba ƙaninta kafso duk sanda jikinsa ya yi zafi: shin kafson na maganin kowane zazzaɓi? Penisilin da danginsa, irin su amoksisilin, bangon bakteriya suke hana ginuwa har ta fashe. Ƙwayoyinmu ba su da wannan bango, shi ya sa maganin ba ya rusa su. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa yukariyot ce kamar mu, ita ma ba ta da bangon, don haka kafson nan ba zai taɓa ta ba. Na ce ta gaya wa mahaifiyarta a kai shi a gwada jini tukuna.