Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda aka fara miƙa min makirufo

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda na shiga Toastmasters, ƙungiyar koyon magana gaban jama'a da Ralph Smedley ya kafa a Amurka a 1924. Toh a nan aka gyara min baki. Jawabin farko minti 4 zuwa 6 ne, labarin kanka za ka bayar, amma ga mai agogo yana nuna maka kore, rawaya, ja, ga wani can gefe ba shi da aiki sai ƙirga "eh..." da "am..." ɗin da kake yi, a ƙarshe ya karanto kowa na ji.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, sabon shiga ba a gayyatarsa ya yi jawabi a taro, shi ke nema. Manyan taruka tun saura watanni suke shelar neman masu jawabi, ka tura take da taƙaitaccen bayani da ɗan tarihinka, kwamiti ya zauna ya tace. Wata babbar yaya a ƙungiyarmu ta kalli taken da na rubuta don turawa wani taro, wai "Matasa da Ci Gaba", ta yi dariya ta ce "Ƙanina, wannan ai kowa zai iya. Me ka sani wanda na kusa da kai bai sani ba?" Sai na koma kan abu ɗaya tak daga aikina, yadda ƙaramin ofis zai adana takardunsa a kwamfuta ba su ɓace ba. Wallahi shi aka ɗauka.

Minti 5 suka ba ni, irin gajerun jawaban nan da ake jerowa ɗaya bayan ɗaya, ba biya, ba komai. Ban raina ba. Ai ko TED, taron jawaban nan da duniya ke kallo a intanet, minti 18 ne iyakarsu, kuma a ganina masu shirya taro sun fi son wanda ya sauka kan lokaci fiye da gwanin da ya cinye lokacin wani. Na maimaita a ɗaki har muryata ta dishe, na roƙi abokina ya ɗauke ni bidiyo da waya ranar taron, don kusan duk inda ka nema gaba sai sun ce ina bidiyonka.

Bidiyon nan ne ya jawo kiran da ya hana ni barci. Wa ya kira, me ya ce? Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.